Daga Zongon Lome zuwa arewa: hanya, tasha da iyaka a zamanin rashin tsaro

Wanda ya kwana a Zongon Lome yakan ji ƙarar gingimari kafin ya ji kiran assalatu. Unguwar tana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda allunan hanya ke rubutawa Nationale 1, kuma mafi yawan kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Lome da nufin Burkina Faso, Nijar ko Mali ta ƙofar unguwar suke wucewa. Ta nan kuma mutanenmu ke tafiya gida: biki a Doso, ta'aziyya a Maraɗi, sarin kaya a Kano, kai yaro makarantar allo a Sakkwato.

Tun daga 2021 taswirar wannan tafiya ta canja. Hanyoyin suna nan inda suke, amma wadda ta fi kusa ba ita ake bi ba. Wannan bayani ya tattara abin da matafiyi da mai kaya ke bukatar sani game da kowane yanki na hanyar, da dalilin da ya sa ta koma haka.

Yadda Zongo ya koma bakin hanya

Kalmar zongo ita kanta kalmar tafiya ce, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kafin zuwan Turawa, fataken goro daga Kano, Katsina da Sakkwato suna ratsa ƙasar da ake kira Togo a yau daga gabas zuwa yamma, ba daga kudu zuwa arewa ba. Wasu su biyo ta Borgu, su sauka Jugu, su ratsa ƙasar Kotokoli wajen Sokode. Wasu su bi ta sama, ta ƙasar Gurma, su ya da zango a Sansanne-Mango, garin da har yau sunansa ke ɗauke da kalmarmu ta sansani. Dukkansu Salaga suka nufa, babbar kasuwar Gwanja, da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, su komo da goro. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. A daidai lokacin Jamusawa, waɗanda suka kafa mulki a bakin teku a 1884, suna jan ciniki zuwa kudu. A 1897 suka mai da Lome babban birni, Hausawa kuma suka bi kasuwa har bakin ruwa.

Zongon farko a tsakiyar gari yake. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa Togblekope, bayan Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da birni, a wurin da a lokacin daji ne. Inda tsohuwar unguwar take, manyan gine-ginen bankuna ne suka tashi. Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya rubuta littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar Zongon da tsarin maigida, mai saukar da baƙo, ya sayar masa da shanu ko goro, ya tsaya masa a kan bashi. Dattawan da suka ga rushewar har yau da ɗaci suke ba da labarinta. Sai dai birnin ya biyo su. Filin ajiye manyan motoci da ake kira Terminal du Sahel a nan Togblekope yake, karar shanu tana gaba kaɗan a Adetikope, kuma a can ne aka buɗe sabon filin masana'antu na PIA a 2021, mai tashar kwantena ta kan tudu da wurin jiran ɗaruruwan motoci. Mai tuwo, mai shayi, makanike, mai facin taya, ɗan kamasho da mai canjin kuɗi a Zongo duk daga wannan kwalta suke ci.

Hanya ɗaya, kamar kashin baya

Togo ƙasa ce siririya. Gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba, amma daga Lome zuwa iyakar Burkina a Sinkase, wadda ake rubutawa Cinkassé, kimanin kilomita 650 ne. Nationale 1 ce ke ɗinke jihohi biyar na ƙasar: ta tashi daga Lome ta bi Tsevie, Notse, Atakpame, Blitta, Sotouboua, Sokode, Bafilo, Kara, Niamtougou, Kante, Mango da Dapaong. Atakpame tana wajen kilomita 160 daga Lome, Sokode wajen 340, Kara ta ɗan haura 400. Babbar motar fasinja da ta tashi da sassafe takan isa Kara da rana ko la'asar, Dapaong kuwa sai dare.

Abin da ke ciyar da hanyar shi ne tashar jiragen ruwa. An buɗe ta a 1968, kuma tun da aka ƙara sabon mashigin kwantena na LCT a 2014, mai zurfin fiye da mita 16, manyan jiragen ruwa suna tsayawa a Lome. A 2023 kayan da suka ratsa ta sun kai kimanin tan miliyan 30. Kaso mai yawa daga jirgi zuwa jirgi ake juye shi, ba ya taka ƙasa, amma abin da ya rage ya isa ya cika hanya da tireloli dare da rana.

Daga Lome zuwa kusa da Tsevie hanyar tagwaye ce. Daga nan sai ta koma layi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, inda tirela, motar fasinja, babur da mai tura kura ke rabon kwalta guda. An daɗe ana maganar mai da ita tagwaye har Sinkase. Akwai wuraren biyan kuɗin hanya, na farko a Davie kafin Tsevie, kuma hukumar SAFER ce ke karɓa don gyaran hanyoyi. Tun 2021 har babur yana biyan dala goma, ƙaramar mota kuma sefa 500.

Wurare biyu ne tsofaffin direbobi ke ambata da girmamawa: tsagin dutsen Aledjo tsakanin Sokode da Bafilo, inda hanya ke ratsa dutse da aka fasa, da hawan Defale bayan Niamtougou. Shekara da shekaru motocin da aka yi wa lodi fiye da kima suna kasa hawa, ko birki ya tsinke a gangara. A tsakiyar shekarun 2010 aka buɗe hanyoyin kewaye a wuraren biyu, abin ya ragu ƙwarai, amma lodin wuce kima bai ragu ba duk da dokar nauyin kaya da ƙungiyar UEMOA ta kafa tun 2005. Akwai kuma wata hanya ta yamma, daga Sokode ta Bassar zuwa Mango, wadda ƙasar Japan ta gina wa gadoji biyu a kan kogunan Kara da Koumongou, aka buɗe su a 2019.

Illar dogaro da hanya ɗaya ta bayyana a damunar 2008. Ambaliya ta karya gadar Amakpape da ke tsakanin Tsevie da Notse, ta lalata ta Togblekope a kan kogin Zio, a nan bayan gidajenmu. Ƙasar ta rabu biyu, motoci suka koma kewayawa ta Kpalime a kan hanyar da ba a gina ta don irin wannan nauyi ba, har sai da ƙasar Sin ta sake gina gadojin. Mai shirin tafiya ya tuna cewa kudu damuna biyu take yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, arewa kuwa guda ɗaya daga Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu kuma hazo ne ke rufe hanya da asuba.

Jihar Savanes

Har zuwa Kara da Kante, abin tsoro a hanyar haɗari ne. Daga Mango zuwa sama wani lissafi ke shigowa. Tun 2018 sojojin Togo suka girke rundunar Koundjoare a kan iyaka, suna ganin abin da ke faruwa a gabashin Burkina. Harin farko ya zo a watan Nuwamba 2021 a Sanloaga, cikin yankin Kpendjal. A daren 10 zuwa 11 ga Mayu 2022 aka kai hari a sansanin Kpekpakandi, sojoji takwas suka mutu, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. A watan Yunin wannan shekarar gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, kuma majalisa ta yi ta sabunta ta tun daga lokacin. A watan Afrilu 2023 Faure Gnassingbé, yana shugaban ƙasa, ya ce an kashe fararen hula kimanin 100 da sojoji kimanin 40.

Abin da matafiyi ya kamata ya gane shi ne inda abin yake. Mafi yawan hare-haren a kusurwar arewa maso gabas suke, a Kpendjal da Kpendjal ta Yamma, wajen Mandouri, inda Togo ta haɗu da Burkina da Benin. Can ne ake binne nakiya a hanyoyin ƙasa, can ne ƙauyuka suka watse. Babbar hanya tana yamma da wannan yanki, kuma motoci na bin ta kullum har Sinkase. Amma reshen da ke tashi daga Dapaong zuwa Ponio, ya shiga Burkina ta Kompienga da Pama ya ɓulla Fada Ngurma, wanda a da shi ne yanke ga mai zuwa Nijar, ya fita daga lissafin ɗan kasuwa.

Shingayen bincike sun ƙaru daga Mango. A saukar da fasinja, a duba takarda ɗaya bayan ɗaya, a tambayi inda za ka da wanda za ka wurinsa. Gaskiyar da kowa a Zongo ya sani ita ce baƙo mai jin Hausa ko Fulatanci ya fi shan tambaya, ko da a Lome aka yanke masa cibiya. Ba daidai ba ne, amma gardama a bakin shinge ba ta gyara shi. Katin shaida mai rai, lambar wayar wanda zai karɓe ka, da amsa gajeriya sun fi amfani. Kada a ɗauki hoton soja, gada ko shinge. Kada kuma a karɓi saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko da ɗan unguwa ne ya bayar.

Bayan Sinkase: yadda hanyar Yamai ta tsawaita

A Sinkase akwai ofishin iyaka na haɗin gwiwa da UEMOA ta gina, inda jami'an duwan na Togo da na Burkina ke aiki a harabar guda. Garin rabinsa Togo, rabinsa Burkina, Gana kuma tana nan kusa, shi ya sa kasuwarsa ke cika da harsuna. Daga nan hanya ta bi Bittou da Tenkodogo zuwa Koupela, inda ta rabu: hagu Wagadugu, dama Fada Ngurma.

A da mai zuwa Nijar dama yake yi. Fada, Kancari, ya tsallaka iyaka ya shiga Makalondi da Torodi, sai Yamai. Daga Lome kimanin kilomita 1,200 ke nan, tirela ta yi shi cikin 'yan kwanaki idan takardu sun cika. Wannan yanki na gabashin Burkina da kudu maso yammacin Nijar yanzu yana cikin wuraren da masu iƙirarin jihadi suka fi ƙarfi, kuma tsakanin Fada da Torodi hanya ta zama ta nakiya da kwanton ɓauna.

Kafin 2023 wannan bai dami 'yan kasuwar Nijar sosai ba, domin yawancin kayansu ta Kwatano suke bi: Faraku, Kandi, Malanbil, a haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, sai Doso. Ko wanda ya sauke kaya a Lome yana iya ratsawa ta Benin. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kifar da Mohamed Bazoum ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, shi ya rufe wannan ƙofa. A ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin da Najeriya suka rufe iyakokinsu, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil har kaya suka ruɓe a cikinsu. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, iyakar Najeriya da Nijar ta buɗe a watan Maris. Amma Yamai ta bar gadar Gaya a toshe, tana zargin Benin da ba wa sojojin Faransa mafaka, zargin da Kwatano ta musanta.

Sai Lome ta zama babbar ƙofar Nijar zuwa teku, ta hanya mafi tsawo da haɗari. Motoci kan haura daga Sinkase, su bi ta Kaya zuwa Dori a arewacin Burkina, su wuce Seytenga, su shiga Nijar ta Petelkole zuwa Tera, su haye kogi su gangaro Yamai. Ba a tafiya ɗai-ɗai. Ana tara motoci ɗaruruwa, sojojin Burkina su raka su har iyaka, na Nijar su karɓa. Ayarin farko da ya yi suna, mai motoci kimanin 300, ya isa Yamai a watan Agusta 2023. Wato bayan shekara ɗari da 'yan kai mun koma tsarin madugu da ayari, sai dai madugun yanzu yana cikin motar sulke.

Hanyar ba ta da sauƙi ko da rakiya. An tayar da gadar Nare tsakanin Kaya da Dori da nakiya a 2022. A Seytenga an kashe mutane fiye da 80 a watan Yunin wannan shekarar. Yankin Tera kuwa reshen ƙungiyar IS na Sahel ne ke addabarsa: a watan Disamba 2024 an kashe fararen hula 21 a wani ayarin motocin kaya kusa da garin, a watan Janairu 2025 kuma aka sace direbobi huɗu 'yan Maroko tsakanin Dori da Tera, sai a watan Agusta aka sako su. A sassan jihar Tillaberi an hana zirga-zirgar babura a farkon 2020.

Abin da ya fi cin direba ba harin ba ne, jira ne. Ayari ba ya tashi sai sojoji sun shirya, ba a kuma sanar da ranar saboda tsaro. Mota takan yi makonni a fili guda, wani lokaci fiye da wata, kuɗin guzuri ya ƙare, direba da yaran mota su koma cin bashi wurin mai abinci. Wani tsohon ɗalibina da ya bar aji ya bi mota ya shaida mini cewa a tafiya guda sai da ya sayar da wayarsa kafin su ga Dori, maigidan motar kuwa yana ta kira yana tambayar abin da ya tsayar da su. Motar da a da take yin sawu biyu ko uku a wata yanzu da ƙyar take yin ɗaya. Wannan jinkiri, da kuɗin haya da ya tashi saboda haɗari, shi ne ke bayyana a farashin shinkafa, mai da siminti a kasuwannin Yamai da Tawa.

Mai kaya ya san abu biyu. Na farko, tsohuwar ƙa'idar rabon lodi ta ba motocin ƙasar da ba ta da teku kashi biyu cikin uku, na ƙasar tashar kashi ɗaya, kuma hukumar masu kaya ta Nijar, CNUT, da takwararta ta Burkina, CBC, suna da ofisoshi a Lome, ta wurinsu takardun lodi ke bi. Na biyu, a watan Mayu 2024 Nijar ta ce kayanta da ke Lome motoci masu lambar Nijar da Togo ne za su ɗauka, matakin da ya fitar da motocin Benin daga layin. Kafin a yi ciniki da mai mota, a duba lambarta.

Togo dai ta riƙe hulɗa da gwamnatocin soja na Mali, Burkina da Nijar, waɗanda suka kafa ƙawancen AES a watan Satumba 2023 suka kuma fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025. Mai neman dalili ya dubi layin tirelolin da ke fita daga tashar ruwa.

Fasinja: kwalekwale a Gaya

Ba a shawartar fasinja ya bi ayarin Dori. Masu zuwa Nijar daga Lome ta Benin suke bi, ko dai ta bakin teku zuwa Kwatano su haura, ko su bi Nationale 1 har Kara, su karkata gabas ta Ketao, su shiga Benin zuwa Jugu, tsohon zangon fatake, su haɗu da babbar hanyar Faraku zuwa Kandi. Kamfanonin Nijar irin su Rimbo, STM da Sonef sun daɗe suna wannan layi.

A Malanbil mota ke tsayawa. A sauke kaya, a ɗauki babur ko mai ƙafa uku zuwa bakin kogi, a shiga kwalekwale, a haye, a sake hawa wani abin zuwa tashar Gaya inda wata motar ke jira. Kowane mataki da kuɗinsa, kowane ƙunshi da nasa, kuma tikitin da aka saya a Lome ba lallai ya haɗa da su ba, don haka a tambaya tun a wurin sayen tikiti. Ga matashi mai jaka ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai ciwon ƙafa, ko mace mai goyo da yara uku, ko masu rakiyar mara lafiya, wahala ce ta gaske, musamman daga Agusta zuwa sama lokacin da kogi ya cika. A wasu lokutan hukumomi kan hana hayewar ma baki ɗaya. Kada a shiga jirgin da aka cika da buhuna har ruwa na taɓa baki, kada kuma a haye da duhu.

Arewacin Benin ma yana da nasa rikicin. Dazukan W da Pendjari sun zama maɓoyar JNIM, kuma a 2025 sojojin Benin sun yi asarar rayuka masu yawa a hare-hare biyu, a Janairu da Afrilu. Tsakanin Kandi da Malanbil da rana ake so a wuce.

Mai zuwa Kabi, Sakkwato ko Zamfara yana iya shiga Najeriya daga Gaya ta Kamba. Mai zuwa Kano, Zariya ko Kaduna kuwa galibi ta Legas ya fi masa: ya bi bakin teku, ya sami motar arewa a Agege ko wata tashar Hausawa. Ta fi nisa a taswira, amma Hausawa sun riga sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ita ma lafiyar tata da sauƙi-sauƙi ce, tun da masu garkuwa da mutane sun sa direbobi da yawa sun daina tafiyar dare a wasu sassan arewa maso yammacin Najeriya.

Bakin teku

Nan ne tafiya ta fi sauƙi. Iyakar Gana a cikin birnin Lome take, a Kodjoviakope, ka taka ƙafa ka shiga Aflao, Akara kuma tafiyar sa'o'i uku zuwa huɗu ce. Manyan motoci suna da wata ƙofar a Noepe, inda aka gina ofishin haɗin gwiwa, kuma hanyar kewayen birni tana kai su can daga tashar ruwa ba tare da sun shiga gari ba. Ta gabas, bayan Aneho, ana shiga Benin ta Sanvee-Condji da Hillacondji, a wuce Kwatano, a isa iyakar Najeriya a Seme. Wannan wani yanki ne na hanyar Abijan zuwa Legas mai kilomita dubu da 'yan kai. Abokin gabar hanyar a nan teku ne: tsakanin Lome da Aneho ruwa ya riga ya cinye tsohuwar kwalta, ana iya ganin ɓurɓushinta a cikin igiyar ruwa.

Ita ma wannan ƙofa takan rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, annobar korona kuma ta rufe na Togo daga Maris 2020 har Mayu 2022.

Cikin gari

Sarkin hanya a Lome babur ne. Sunansa zemijan, a taƙaice zed, kalmar da ta zo daga Benin, wasu kuma su ce oleyiya, wato tambayar da mai babur ke yi da harshen Mina: za ka tafi? Shi ne kabu-kabun Nijar, acaɓar Kano. Ya yaɗu ne a lokacin dogon yajin aikin 1992 zuwa 1993, da tasi suka daina fita. Ana ciniki kafin a hau, ba bayan an sauka ba. Tun 2018 akwai manhajar Gozem da ake kiran babur ko mota ta waya, kuɗin kuma a rubuce yake. Akwai tasi na haɗaka, da masu ƙafa uku, da manyan motocin kamfanin gwamnati na SOTRAL, masu araha amma masu son a yi haƙurin jira. Daga Zongo zuwa babbar kasuwar Asigame da safe, cunkoson Agoe kaɗai ya isa ya cinye sa'a guda.

Ƙananan motocin arewa a tashar Agbalepedo suke lodi, kuma ba sa tashi sai sun cika. Manyan motocin kamfanoni suna da tashoshinsu da lokacin tashi, har gidan waya na ƙasa yana da nasa masu zuwa arewa. Gab da Sallar Layya da hutun makaranta a sayi tikiti tun da kwana biyu ko uku.

Dogo da jirgin sama

Jamusawa sun shimfiɗa dogo daga Lome zuwa Aneho a 1905, zuwa Kpalime a 1907, sannan zuwa Atakpame, Faransawa suka ƙarasa shi Blitta a shekarun 1930. Nan ya tsaya, bai ko kai rabin ƙasar ba. Jirgin fasinja ya daina aiki tun ƙarshen shekarun 1990, abin da ya rage na ɗaukar kayan ma'adinai da na siminti ne. Maganar dogo daga Lome zuwa Sinkase tana cikin takardun tsare-tsare. A can Nijar kuwa kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, ba a haɗa shi da na Benin ba, ciyawa ta rufe shi.

Filin jirgin sama na Gnassingbé Eyadéma yana cikin gari, an buɗe sabon gininsa a 2016. Shi ne cibiyar kamfanin ASKY, wanda ya fara tashi a 2010, yana zuwa Yamai, Wagadugu, Akara, Legas da Abuja. Tafiyar da ke cin kwana biyu da kwalekwale jirgi yana yin ta cikin sa'o'i kaɗan, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu karanta wannan shafi. Akwai fili na biyu a Niamtougou.

Takardu, kuɗi da agogo

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza ya zauna kwana 90. Bayan ficewar ƙasashen AES, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan Nijar, Mali da Burkina masu tambarinta har sai an sanar da wani abu dabam. A riƙe katin shaida ko fasfo da bai mutu ba, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, wanda rashinsa ya fi komai jawo biyan kuɗin da ba rasit. Baƙon da ke zaune a Togo ya yi katin ofishin jakadancin ƙasarsa. Yaro kuma a tafi da takardar haihuwarsa, idan ba iyayensa ne ke tare da shi ba a haɗa da takardar izininsu, domin jami'ai suna sa ido kan safarar yara, kuma malamin da ya ɗebo almajirai biyar ba takarda zai kwana a iyaka.

Nan ne matsalar Zongo ta musamman take. Akwai mutane da yawa da aka haifa a Lome, aka haifi iyayensu a Lome, amma ba su da takardar zama ɗan ƙasa ta Togo, ba su kuma da ta ƙasar kakanninsu. Lokacin da hanya ke lafiya ana lallaɓawa a wuce. Yanzu kowane shinge yana tambaya. Iyaye su yi wa jariri rajistar haihuwa a ofishin magajin gari cikin wa'adi, don wanda ya makara sai ya bi ta kotu.

Mai tuƙa motarsa yana bukatar inshorar Carte Brune ta CEDEAO, wadda hedikwatarta ma a Lome take, da takardar shigar da mota ta wucin gadi daga duwan. Duk ƙasashen nan ta hannun dama ake tuƙi.

Sefa ɗaya ce a Togo, Benin, Burkina da Nijar, sai sidi a Gana da naira a Najeriya. Ɗan Najeriya ya kula da lissafin kasuwa: a bakin Bahaushen Lome ko na Gaya, dala sefa biyar ce, don haka ashirin na nufin sefa 100, ɗari na nufin 500, jika kuma 1,000. Kuɗi mai yawa gara a aika ta Flooz ko kamfanonin aika kuɗi na Nijar da ke da rassa a Lome, a riƙe canji kaɗan a aljihu na gaba.

Agogon Togo, Gana da Burkina ɗaya ne. Benin, Nijar da Najeriya suna gaba da sa'a guda. Wanda aka ce masa motar Gaya za ta tashi ƙarfe shida, ƙarfe biyar ke nan a agogon da ya baro Lome da shi.